Mai Ɗaki Shi Ya San Inda Yake Yoyo: Aikin Majalisar Ɗaliban Bincike a Sashen Kimiyya

Ranar 7 ga Janairun 2010, wani ɗalibin bincike a sashen nazarin sinadarai na Jami'ar Texas Tech da ke Amurka yana niƙa wani sinadari mai fashewa a cikin ɗan turmin ɗakin gwaje-gwaje, sai abin ya tarwatse a gabansa. Ya rasa yatsu uku, ya ƙone a fuska da hannuwa, ido ɗaya kuma ya samu rauni. Da hukumar binciken haɗurran sinadarai ta Amurka ta fitar da rahotonta a 2011, ta nuna cewa malaman da ke jagorantar aikin sun ɗauka kowa ya san ƙa'idar: kada a haɗa fiye da miligiram 100 na irin wannan sinadari a lokaci guda. Sai dai ba a rubuta ƙa'idar ba, kuma babu mai bin diddigin ko ana kiyaye ta. Ɗalibin ya haɗa kimanin giram 10, wato ninki ɗari na abin da aka iyakance. Rahoton ya ƙara da cewa an taɓa samun wasu haɗurra kafin wannan, amma ba a adana labarinsu yadda na baya zai koyi darasi ba.

Shekara guda kafin nan, a ƙarshen Disambar 2008, wata matashiya 'yar shekara 23 mai taimaka wa bincike a Jami'ar Kalifoniya reshen Los Angeles ta ƙone lokacin da take ɗibar wani sinadari mai kamawa da wuta da zarar iska ta taɓa shi. Ba ta sanye da rigar kariya. Bayan kwana 18 ta rasu a asibiti.

To, mai karatu, wa ya fi kowa sanin abin da ke faruwa a ɗakin gwaje-gwaje da ƙarfe goman dare? Shugaban jami'a yana gida. Farfesa mai ɗakin wataƙila yana wani taro a wata ƙasa. Waɗanda ke tsaye a gaban kwalabe su ne ɗaliban bincike, wato masu neman digiri na biyu da na uku, mastas da digirin digirgir. Su suka san na'urar da ke yoyo, da ƙa'idar da ake tsallakewa idan lokaci ya ƙure, da ɗalibin da ya daina barci. Matsalar ita ce, su ne kuma suka fi kowa jin tsoron buɗe baki. A nan ne majalisar ɗaliban bincike ta sashe take shigowa, wadda mutane da yawa ke ɗauka aikinta shirya shayi da biskit ne kawai.

Me ya sa ɗalibi ɗaya ba ya iya magana?

Ɗalibin digirin farko yana da malamai goma ko fiye. Idan bai jitu da ɗaya ba, zangon karatu zai ƙare, su rabu lafiya. Ɗalibin digiri na uku kuwa kusan komai nasa yana hannun mutum ɗaya, wato malamin da ke duba aikinsa, wanda muke kira sufabaiza. Shi ke amincewa da batun bincike. A Amurka, galibi daga kuɗin tallafin binciken da ya samo ake biyan ɗalibin alawus. Shi ke cewa aiki ya isa a kare shi ko bai isa ba. Shi ke yanke sunan wa zai zo farko a maƙala. Shi zai rubuta takardar shaida ranar da ɗalibin zai nemi aiki. Idan ɗalibin baƙo ne daga wata ƙasa, bizarsa ma tana rataye da ci gaba da karatun. Kuma wannan zama ne na shekara biyar zuwa shida.

Yawancin malamai mutanen kirki ne, mu da muke rubuta wannan mun ci moriyarsu. Amma ko da malami nagari ne, ka duba yanayin: yaya za ka ce wa wanda makomarka ke hannunsa, "Ranka ya daɗe, wannan hanyar da ka ce mu bi tana da haɗari"? Da yawa sai su yi shiru su ci gaba.

Bincike ya nuna shirun nan yana da tsada. A 2017, Katia Levecque ta Jami'ar Ghent da abokan aikinta sun wallafa nazari a mujallar Research Policy a kan ɗaliban digiri na uku 3,659 a yankin Flanders na ƙasar Beljiyam. Sun gano kashi 32 cikin 100 suna cikin haɗarin kamuwa da lalurar ƙwaƙwalwa, musamman ciwon damuwa. Daga cikin abubuwan da suka ga suna da alaƙa da hakan akwai nauyin aiki, da salon jagorancin sufabaiza, da kuma yadda ake yanke shawara a rukunin bincike, ko ana damawa da ɗalibi ko a rufe ake yi. A 2019 kuma mujallar Nature ta ji ta bakin ɗalibai sama da 6,300 daga sassan duniya, inda kashi 36 cikin 100 suka ce sun nemi taimako saboda fargaba ko damuwar da karatun ya jawo musu.

A lura, irin wannan nazari alaƙa yake nunawa, bai tabbatar da cewa wannan ne ya haifar da wancan ba. Na mujallar Nature kuma waɗanda suka ga dama ne suka amsa, don haka ba za a ce yana wakiltar kowa ba. Duk da haka saƙon a fili yake: samun ta cewa a wurin aiki yana tafiya tare da lafiyar mai aikin.

Yadda majalisar take aiki

Tsarin ya bambanta daga jami'a zuwa jami'a, amma ƙashin bayansa ɗaya ne. Kowace shekara ɗaliban sashe sukan zaɓi shugaba, da sakatare, da ma'aji, da wakilai, wani wuri daga kowane aji, wani wuri daga kowane ɗakin gwaje-gwaje. Sai su tura wakili zuwa kwamitocin sashe: na tsara darussa, na kariya daga haɗari, wani lokaci har da na ɗaukar sabon malami. 'Yan kuɗin da suke aiki da su daga sashe suke fitowa, ko daga babbar majalisar ɗaliban bincike ta jami'a baki ɗaya.

Babban amfaninta shi ne tana cire suna daga jikin koke. Idan ɗalibi ɗaya ya ce alawus ba ya isar kuɗin haya, za a ce matsalarsa ce, bai iya tattali ba. Idan majalisa ta raba takardar tambayoyi ba tare da suna ba, ta dawo ta ce wa shugaban sashe ga adadin waɗanda fiye da rabin alawus ɗinsu ke tafiya a haya, magana ta koma ta alƙaluma. Su kuma malaman kimiyya, ka san su, ba sa iya kau da kai daga alƙaluma.

Sai dai akwai tarko a nan. A ɗakin da ɗalibai uku ne kacal, ɓoye suna ba ya ɓoye kowa. Idan rahoto ya ce "wata ɗaliba 'yar shekara ta biyu a rukunin kaza", ai an riga an nuna ta da yatsa. Shi ya sa majalisar da ta san aikinta take haɗe amsoshi wuri guda, ba ta kuma fitar da sakamakon rukunin da mutanensa ba su da yawa.

Abu na biyu shi ne rubutu. Bayanan taro da sakatare ke ɗauka suna kama da aikin gajiya, amma su ne ƙwaƙwalwar majalisa. Ɗalibai masu wucewa ne, malamai kuwa suna nan shekara ashirin ko talatin. Idan aka yi alkawarin gyara na'urar zuƙe hayaƙi a bara, waɗanda aka yi wa alkawarin suka kammala suka tafi, wa zai tuna? Takarda ce kaɗai.

Abin da ɗaliban Minnesota suka yi

A 2012, bayan waɗancan haɗurra biyu sun girgiza jami'o'in Amurka, ɗaliban bincike da masu binciken bayan digirin digirgir a Jami'ar Minnesota suka kafa wata tawagar haɗin gwiwa ta kariya, wadda aka fi sani da JST. Sassa biyu ne suka haɗu: na nazarin sinadarai, da na injiniyancin sinadarai da kimiyyar kayan ƙira. Kamfanin Dow ya ba su shawara tare da nuna musu yadda ake tafiyar da kariya a masana'anta. Shugabannin sassan sun mara musu baya, amma ragamar tana hannun ɗaliban.

Kowane rukunin bincike dama yana da ɗalibi ɗaya da aka ɗora wa alhakin kariya. Da can kowa na zaune a kusurwarsa. Tawagar ta tattaro su wuri ɗaya, suka fara abubuwa masu sauƙi. Suna zagaya ɗakunan juna su duba, ɗalibi na duba ɗalibi, ba da niyyar hukunci ba. Suka shigo da al'adar buɗe taro da 'yan mintoci na tunatarwa a kan wani haɗari guda. Suka riƙa liƙa fastoci har a bayan ƙofar banɗaki, inda mutum ba shi da abin karantawa sai su. Suka kuma buɗe hanyar da mutum zai ba da labarin haɗarin da ya kusa faruwa, don kowa ya koya. A 2013 suka wallafa bayanin tsarin nasu a mujallar Journal of Chemical Education, daga baya wasu jami'o'i da dama suka kwaikwaya.

Wannan na ƙarshen, wato rubuta abin da saura ƙiris ya zama bala'i, shi ne ainihin abin da aka rasa a Texas. Kafin babban haɗari ya auku, sau da yawa an yi ta samun ƙananan alamu: kwalba ta tsage, wani ya shaƙi hayaƙi, wuta ta kama aka kashe nan take. Ɗalibi ba zai je ofishin farfesa ya ce jiya na kusa ƙona ɗakinka ba. Amma zai iya faɗa wa ɗan'uwansa ɗalibi, ko ya rubuta ba suna.

Kada kuma a ɗauka tawagar ta kawo ƙarshen haɗari. A Yunin 2014, shekara biyu bayan kafa ta, wani gwaji ya fashe a sashen sinadarai na jami'ar, wani ɗalibi ya ji rauni. Majalisar ɗalibai tana gyara ɗabi'a da hanyar isar da labari. Tantance haɗarin kowane gwaji da samar da kayan kariya har yanzu nauyi ne a wuyan malami da hukumar jami'a.

Su kuma tarukan fa?

Mu dawo kan shayi da biskit. Gaskiya ne yawancin lokacin majalisa a shirya taruka yake tafiya: tarbar sababbin ɗalibai, taron ƙara wa juna sani, ranar baje kolin bincike, walimar ƙarshen shekara. Amma ka tambayi kanka, ta yaya ɗalibin da ke hawa na uku zai san cewa abin da ke damunsa yana damun na hawa na ɗaya, idan ba su taɓa zama wuri guda ba? Aikin ɗakin gwaje-gwaje yana killace mutum. Taro ne ke sa mutane su san juna har su yarda da juna, sai da yarda kuma koke ke fitowa.

Wasu daga cikin tarukan nan ma suna da tarihi. Zaman karanta mujallu, inda ake ɗaukar maƙala ɗaya a feɗe ta tare, ana danganta tsara shi da likita William Osler a Jami'ar McGill da ke Kanada a 1875. Dalilinsa na farko kuɗi ne: mujallu sun yi tsada, sai aka haɗa hannu ana saye ana karantawa tare. Akwai kuma gasar bayyana kundin bincike cikin minti uku, wadda Jami'ar Queensland ta Ostireliya ta fara a 2008. Ɗalibi zai tsaya gaban mutanen da ba fanninsa ba, da hoto guda ɗaya tal a allo, ya bayyana aikin shekaru cikin minti uku. Yau ana yin ta a ɗaruruwan jami'o'i. Duk wanda ya taɓa gwadawa ya san ta fi rubuta babi guda wuya.

Shirya taro kuwa yana da nasa ilimi, kuma a nan ake gane ko majalisa tana wakiltar kowa. Lokaci: idan kullum da yamma liƙis ake yi, masu 'ya'ya sun fita. Mai renon ƙwayoyin halitta a kwalba kuma yana da sa'o'in da ba ya iya matsawa, don su ba su san hutu ba. Wuri da abinci: a ƙasashen Turai da Amurka an saba yin irin wannan haɗuwa a mashaya, wanda ke nufin ɗalibi Musulmi da duk wanda ba ya sha sun koma gefe. 'Yan'uwanmu da suka yi karatu a can sun san wannan. Kuɗi: a wurare da yawa ɗalibi ne ke fitar da nasa ya saya, sannan ya jira a mayar masa bayan makonni. Wanda aljihunsa ba nauyi ba zai karɓi aikin ba, sai shugabanci ya zama na masu hali. Sannan a ƙarshe a bar wa masu zuwa fayil: nawa aka kashe, wa ake nema don samun zaure, me ya lalace.

Akwai taro ɗaya da ya cancanci a ware shi, wato wanda ɗalibai ke zaɓar baƙon masanin da za a gayyato da kansu. Su za su rubuta masa, su tarbe shi, su ci abinci da shi ba malami a wurin. Ɗalibi kan samu wanda zai tambaya ra'ayi a kan aikinsa bayan sufabaizansa, wani lokaci ma daga nan hanyar aikin gaba take buɗewa.

Inda ƙarfinta ya tsaya

Majalisar sashe shawara take bayarwa. Shugaban sashe yana iya saurara ya yi godiya, ya ajiye takardar a aljihun tebur. Kuɗinta daga hannun waɗanda take kai wa koke suke fitowa. Wakilinta a kwamiti sau da yawa ba shi da ƙuri'a. Kuma aikin na sa kai ne, yana cin lokacin da ya kamata a yi bincike, wasu malaman ma ba sa son ganin ɗalibinsu a ciki.

Shi ya sa a Amurka aka samu wata hanya ta daban, wato ƙungiyar ƙwadago. Ɗalibai masu taimaka wa koyarwa a Jami'ar Wisconsin da ke Madison sun kafa tasu a 1966, suka yi yajin aiki a 1970, suka samu yarjejeniya a rubuce. Tambayar da aka daɗe ana ja a kanta ita ce: ɗalibin bincike ɗalibi ne ko ma'aikaci? Hukumar hulɗar ƙwadago ta ƙasar, NLRB, wadda ke duba jami'o'i masu zaman kansu, ta ce ma'aikata ne a shari'ar Jami'ar New York a 2000. A 2004, a shari'ar Jami'ar Brown, ta janye. A 2016, a shari'ar Jami'ar Columbia, ta sake komawa kan cewa ma'aikata ne. Ranar 14 ga Nuwamban 2022 kuma ma'aikatan ilimi kimanin 48,000 a rassa goma na Jami'ar Kalifoniya, akasarinsu ɗaliban bincike, suka tsunduma yajin aiki a kan albashi da tsadar haya. Sai da aka yi kusan mako shida kafin a daidaita da ƙarin albashi.

Bambancin ke nan. Ƙungiyar ƙwadago tana da yarjejeniyar da doka ke karewa, amma tana magana ne a kan manyan abubuwa na jami'a gaba ɗaya. Majalisar sashe ba ta da wannan ƙarfi, amma ita ta san firizar da ta mutu a hawa na biyu da darasin da ba a koyar ba shekara uku. Kowace da gurbinta.

A jami'o'inmu fa?

Yanayinmu ya sha bamban. A Najeriya yawancin ɗaliban digiri na biyu da na uku ba a biyan su alawus. Su ke biyan kuɗin makaranta, sau da yawa su sayi sinadaran gwaji da kuɗinsu, da yawa kuma ma'aikata ne masu iyali. Don haka gardamar ɗalibi ko ma'aikaci ba ta taso ba. Amma dogaro da mutum ɗaya yana nan daram, har ma al'adarmu ta girmama malami tana ƙara wa harshe nauyi. Babi na iya kwana wata shida a teburin sufabaiza, ɗalibi bai san ƙofar da zai ƙwanƙwasa ba.

Akwai kuma matsalolin da mutum ɗaya ba ya iya magancewa. Wuta ta ɗauke, samfurin jini ko na tsiro da aka yi watanni ana tarawa ya lalace a firiza. Yajin aikin ASUU na 2022, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba, ya haɗiye damina guda cur, wanda ga mai gwajin shuka a gona yana iya zama asarar shekara. Ɗalibai goma da suka haɗu suna iya tsara wanda zai duba firiza a kowane dare, su haɗa kuɗin man janareta, su sayi sinadari a dunƙule ya yi araha, su kuma nemi sashe ya rubuta iyakar makonnin da babi zai yi a hannun malami kafin a dawo da shi.

Farawa ba ya buƙatar kasafin kuɗi. Littafi ɗaya a ɗakin gwaje-gwaje, inda kowa zai rubuta haɗarin da ya kusa aukuwa ba tare da sa suna ba. Zama ɗaya a wata, da wanda zai rubuta abin da aka tattauna da wanda aka ɗora wa kowane aiki. Sannan a je wa shugaban sashe cikin ladabi, a nemi kujera ɗaya ga wakilin ɗalibai a kwamitin karatun gaba da digirin farko, a kai masa buƙatar a rubuce da sa hannun kowa, don kada ta zama ta mutum ɗaya. Idan a sashenku akwai irin wannan majalisa, duba ko bayanan taronta na shekara uku da suka wuce suna nan. Idan babu, daga nan ya kamata a fara.